Rumbun Da Auta Ta Share

Shafi na 19

Masu cewa na cika jan zance a kan injin, saƙonku ya iso. Sai dai wanda bai leƙa rijiya ba, ba zai gane abin da ya sa mai guga kuka ba. Ku gyara zama.

Ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe, allon da ke bangon ofis yana nan ja kamar yadda yake tun Litinin.

Auta ta ajiye jakarta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ita ce mai kula da injin haɗa manhaja a kamfanin, saboda haka jan nan nata ne.

Aikin injin bai da yawa a baki. Duk sa'ad da wani ya yi gyara, injin zai kwaso rubutun ma'aikata, ya kwaso kayan aro, ya haɗa, ya gwada. In komai ya tafi daidai allo ya yi kore, bayan rabin awa kuma shi da kansa zai aika sabuwar manhajar zuwa ƙananan asibitoci arba'in da biyu. A can ma'aikaciyar jinya za ta ɗora yaro a sikeli, ta shigar da nauyinsa, manhajar ta buga mata yawan maganin da za a ba shi a 'yar takarda, ta liƙa a jikin kwalba.

Kayan aro kuwa su ne guntayen manhajar da wasu mutane suka rubuta suka zuba a intanet, kowa ya ɗiba. Kamfanin yana amfani da ɗari huɗu da goma sha biyu. Babu wanda ya taɓa zama ya karanta ko goma daga ciki.

Injin yana da wurin da yake tara waɗanda ya taɓa saukowa da su, don kada kullum ya riƙa zarya zuwa intanet. 'Yan ofis suna ce wa wurin rumbu. Ranar Litinin rumbu ya cika, injin ya fara nishi. Auta ta yi abin da kowane ɗan wannan sana'a zai ce a yi: ta share shi tas. Haka ake koyarwa. Wai babu asara, duk abin da ke ciki akwai shi a waje, injin zai sake kwasowa.

Ni dai duk maganar da na ji kowa ya haddace ta, nakan nemi wanda ya taɓa bin diddiginta. Yawanci ba na samu.

Ba ta gama zama ba Manaja ya leƙo ya yafito ta da yatsa.

Bai ce ta zauna ba. Ya tuna mata cewa gobe sababbin asibitoci shida za su fara aiki da manhajar, shi kuma ya riga ya yi musu alkawari da bakinsa. Ya ce kwana uku ya yi yana ba mutane haƙuri a waya kamar shi ya yi laifin. Ta fara yi masa bayanin inda ta kai, ya ɗaga mata hannu.

"Ƙarfe huɗu," ya ce. "In huɗu ta buga allon nan bai yi kore ba, ki ajiye min katin shiga a kan tebur."

"Yallaɓai, ba taurin kai nake ba. Akwai abin da ban gane ba tukuna."

"Haka yayanki yake cewa. 'Yan gidanku kun iya tsayar da aiki."

Ta juya ta fito.

Kujerar da take zaune a kai ta Yaya ce. Shi ya kafa injin, shi ya kawo ta kamfanin tana 'yar koyo, shi ya sa har yau kowa yake kiranta Auta kamar a tsakar gida. Shekara biyu da suka wuce aka kore shi. Abin da aka faɗa a ofis, abin da ya isa gida kuma, shi ne ya yi wa Manaja rashin kunya a gaban mutane. Bayan mako ɗaya aka ba ta kujerar, ta karɓa. Tun daga nan gaisuwa kawai take haɗa su, ita ma sai in sun yi kiciɓis a ɗakin Umma.

Dogo, mai gwada manhaja, ya gangaro da kujerarsa kusa da ita da kofin shayi a hannu. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ba ya son tashin hankali ko a waya.

"Uwar ɗakina, an yanka ko an fasa?"

"An ɗaga zuwa la'asar."

Ya yi 'yar dariya, ta mutu a hanya. Ta juya masa allonta ta nuna masa abin da ya hana ta sakat.

Cikin kayan aro ɗari huɗu da goma sha biyu, duk sun sauko lafiya sai ɗaya. Kowane guntu yana da suna, yana da lamba, yana da hatimi, wato wani dogon jerin haruffa da yake canzawa in an taɓa ko ɗigo ɗaya a cikin guntun. Injin yana riƙe da jerin hatiman, duk abin da ya sauko sai ya duba. Wannan ɗayan sunansa daidai, lambarsa daidai, hatiminsa daban.

Ranar Talata ta ɗauka a hanya ya lalace. Ta sake saukowa da shi daga wuri uku, hatimi ɗaya yake zuwa da shi kullum, kuma ba irin nasu ba.

Ranar Laraba ta nemi wanda ya aro shi a cikin ma'aikatansu, ta ga ba kowa. Guntun da ke buga takardar kwalba ne ya aro wani mai juya ma'auni, shi kuma ya aro wannan ɗan ƙaramin. Aro ne kan aro, baƙon baƙo ya shigo gida ya yi shekaru ba wanda ya san fuskarsa.

"To ai shi ke nan," in ji Dogo. "Goge tsohon hatimin, injin ya rubuta sabo. Kowa haka yake yi."

Ta ce masa ta gwada hakan jiya da yamma a gefe, inda ba ya aikawa ko'ina. Haɗawa ya haɗu. Gwaje-gwaje dubu ɗaya da ɗari biyu sun wuce. Guda ɗaya ya ƙi.

Ta ciro takardu biyu daga aljihun tebur ta ajiye masa. Gwajin jariri ne mai kilo biyu da ɗigo ɗaya. Tsohuwar takardar da gwajin yake riƙe da ita ta ce mil biyu da rabi. Sabuwar da injin ya buga jiya ta ce mil uku da ɗigo shida.

Dogo ya ɗaga su ya sauke. Ya ce likitoci sun canza jadawalin magunguna bara, ƙila tsohuwar takardar ce ta tsufa. Ya ce irin waɗannan gwaje-gwajen ko rubutu aka kaurara kaɗan sai su yi ihu, shi kaɗai ya kashe irinsu sun fi ashirin, ba wanda ya mutu. Sannan ya tambayi wanda ya rubuta shi.

Ta dubi kujerar da take zaune a kai.

"Na gane, yayanki ne," ya ce. "Ki ji, uwar ɗakina. Dubu da ɗari biyu sun ce lafiya, ɗaya ya ce a'a. Ko a ina rinjaye ake bi."

"In mutum dubu suna kallon gabas, ɗaya yana kallon yamma, wa zai ga abin da ke tahowa daga yamma?"

"Ni dai 'ya'ya biyar gare ni. Ban iya yamma ba."

Ta tambaye shi ko ya tabbata wannan maganin yana cikin waɗanda aka canza wa jadawali. Ya ce bai tabbata ba. Ta ninke takardun ta sa a jaka, ta ce masa za ta fita awa ɗaya, kada kowa ya taɓa komai.

Shagon Yaya a ƙarƙashin matakalar wani benen 'yan kasuwa yake, inda mutum ba ya iya miƙewa sosai. Tebur ɗaya, fitila mai gilashin ƙara girma, ƙarfen liƙa waya yana hayaƙi a gefe, murafen kwalabe cike da 'yan mitsi-mitsin kusoshi. Wayoyin mutane jere a kan katako, kowace da 'yar takarda ɗaure da roba.

Ta yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba.

Ta gaishe shi, ta tambayi matarsa Anti da yara. Ya ce suna lafiya. Ya tambaye ta ko ƙafar Umma ta yi sauƙi, ta ce da dama. Daga nan zancen ya ƙare, sai ƙarar takalman masu hawa bene a saman kansu.

Ya ture mata wani ɗan benci da ƙafa. Ta zauna.

"Wayarki ce ta lalace?"

"A'a, Yaya."

Ta shimfiɗa takardun biyu a ƙarƙashin fitilarsa. Ya dube su ta cikin gilashin, ya daɗe. Sannan ya mai da ƙarfen mazauninsa a hankali, ya cire tabarau.

"Kin share rumbu."

Ba tambaya ba ce, amma ta gyaɗa kai.

"Yaushe?"

"Litinin."

"An aika?"

"Ba a aika ba. Allo ja ne."

Ya sauke numfashi. Sai a lokacin ya dube ta sosai, ta ga furfurar da ta fito masa a gemu, wadda ba ta lura da ita ba a ɗakin Umma.

Ya ce ɗan guntun nan ba don asibiti aka yi shi ba. Wani bawan Allah ne ya rubuta shi don masu aika kaya. A wajen su, in kwali ya yi kilo biyu da 'yan kai, kilo uku ake lissafa shi, kuma daidai ne, haka ƙa'idarsu take. Mutumin bai yi wa kowa laifi ba. Mai juya ma'auni ne ya are shi bai karanta ba, mai buga takarda ya ari mai juya ma'auni bai karanta ba, su kuma suka ari mai buga takarda. A babban mutum mai kilo saba'in, ƙarin bai kai a ji ba. A jariri mai kilo biyu, kusan rabin maganin ake ƙara masa.

"Manhajarmu kwali ta ɗauki 'ya'yan mutane," ya ce.



Ya ce ya gano abin ne saura kwana tara a fara aikawa karo na farko. Ya zauna ya gyara guntun da hannunsa, wuri goma sha ɗaya. Amma dokar hukuma masu sa ido a kan kayan asibiti ita ce duk kayan aron da aka canza wa lamba sai an sake tantance manhajar, kuma tantancewa wata huɗu take ɗauka. Manaja ya ce ba shi da wata huɗu. Ya ce a bar lambar yadda take.

"Sai na bar masa lambarsa, na cusa nawa gyararren a rumbu, na rubuta hatiminsa a jeri. Injin yana duba rumbu kafin ya fita waje. In ya samu a gida ba ya tambaya."

"Ke nan abin da ke rumbun babu shi a ko'ina."

"Babu shi a ko'ina."

"Shekara nawa, Yaya?"

"Uku da wata biyu."

Ta dafe goshinta. Shekara uku asibitoci suna tsaye a kan abu ɗaya tak, ajiye a wurin da aka koya wa kowa cewa shara ce.

Ta tambaye shi ko Manaja ya sani. Ya yi wani murmushi mara daɗi, ya ce a ofishinsa aka yanke shawarar, da ƙofa rufe. An yi da shi cewa na wata biyu ne, a samu a fara, sannan a je a yi tantancewar. Wata biyu suka zama shekara. Ran da ya gaji, injin yana cikin rabin awar jira, ya danna tsayawa, ya ce ba abin da zai sake fita sai an gaya wa masu sa ido gaskiya. Rashin kunyar da aka ce ya yi ke nan.

"Me ya sa ba ka je ka gaya musu da kanka ba bayan ka fita?"

Ya ɗauki wata 'yar kusa ya juya ta a yatsunsa.

"Hannun wa ke kan gyaran? Nawa. Hannun wa ke kan hatimin? Nawa. Shi ba inda ya sa hannu." Ya ajiye kusar. "Tsoro na ji, Auta. Kada ki ɗauka waliyyi ne yayanki."

Wannan ta fi yi mata ciwo a kan duk abin da ya faɗa, don ta zo ne da shirin ko dai ta same shi da laifi ko ta wanke shi, sai ga shi ya ƙi tsayawa a ɗaya.

"Ni fa? Ni me ya hana ka gaya min?"

"Kin taɓa tambayata?"

"Kai ne babba."

"Ni ne babba, shi ya sa na jira. Na ce Auta za ta zo ta ce, Yaya me ya faru. Mako ɗaya ina zaune a gida da waya a hannu. Ran na takwas Umma ta ce min an ba ki kujera, wai in yi miki addu'a."

"Da na ƙi karɓa wani za a ba."

"Na sani. Na kuma yi miki addu'ar."

Idonta ya cika, ta ɗaga kai sama kada ya zubo. Wani ya tsaya a bakin shagon yana tambayar wayarsa, Yaya ya ce masa ya dawo da yamma, mutumin ya tafi yana mita.

Ta ce to yanzu dai ya ba ta kwafin. Ta san shi, ba ya yin abu bai ajiye kwafi ba.

Ya ce ya ajiye. Kwafin da takardar bayani mai shafi uku, da ya rubuta don duk wanda zai gaje shi, suna cikin kwamfutar aikinsa. Ranar da aka kore shi a bakin ƙofa aka karɓe ta.

"Baƙa ce, mai tsagewa a kusurwar hagu. Wa aka ba, ban sani ba."

Auta ta sani. Tana cikin jakarta a wannan lokacin, jingine da ƙafarta. Ranar da aka miƙa mata ita, ta bi ƙa'idar kamfani: kwamfutar wanda ya bar aiki, a wanke ta kafin a fara amfani da ita. Ko buɗe manyan fayilolin ba ta yi ba. A lokacin gani take mutunci ne, kada ta leƙa kayan yayanta.

Ta sauke ido kan jakarta. Ya dubi jakar, ya dubi fuskarta, ya mai da tabaransa.

"Sau biyu ke nan ina share shi," ta ce a hankali.

"Ba ke kika ajiye abin a inda ake shara ba. Ni ne."

Ta tambaye shi kwana nawa zai ɗauka a sake yin gyaran. Ya ce bakwai daga cikin wuraren yana iya tunawa, sauran huɗun sai an bi layi-layi. In sun haɗu su biyu, da gwaji da komai, kwana biyar. Ta ce zuwa ƙarfe huɗu aka ba ta. Ya ce to ba za a yi ba, kuma duk wanda ya ce mata za a yi maƙaryaci ne. Abin da ya rage mata shi ne ta bar allon ja. Tsohuwar manhajar da ke asibitocin lafiyarta ƙalau, muddin ba a aika sabuwa ta hau kanta ba.

"Jan nan shi ne kawai yake faɗin gaskiya a ofishinku," ya ce.

"In na bar shi ja, katina zan ajiye."

"Na sani."

"Umma fa? Mu biyu ke nan aka kora a gida ɗaya."

Ya mai da idonsa kan wayoyin da ke jere a katako.

Wayarta ta yi ƙara. Dogo ne. Muryarsa ƙasa-ƙasa, da alama daga bayan gida yake kira.

Ya ce bayan fitarta Manaja ya zo ya tsaya a kansa. Ya tambayi ina take, Dogo ya ce bai sani ba. Ya tambayi me ya rage, shi kuma bai iya ƙarya ba, ya faɗa masa. Manaja ya ja kujera ya zauna a gefensa, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga kore.

"Dogo, me ka yi?"

"Na sabunta hatimin. Na kashe gwajin."

"Na nuna maka takardun."

"Kin nuna min. Ki yafe ni, uwar ɗakina. Yana zaune a gefena."

"Tun yaushe ya yi kore?"

"Minti huɗu."

Ta katse kiran. Yaya ya ji komai, shagon bai da faɗin da zai ɓoye magana.

Ta buɗe shafin injin a wayarta. Allon kore shar. A ƙasa agogon jira yana ƙirga baya, saura minti ashirin da shida, kusa da shi maɓallin tsayawa. Mutum biyu ne kawai a kamfanin suke da ikon danna shi, ita da Manaja.

Yaya ya miƙo kai ya gani.

"Ni ma shi na danna," ya ce. "Kin ga inda nake zaune. Ba zan ce miki ki danna ba, ba zan ce kada ki danna ba."

"Asibiti nawa ne suke karɓar jarirai a cikinsu?"

"A zamanina goma sha tara."

Ta danna.

Shafin ya nemi kalmar sirri. Ta rubuta. Ya ƙi. Ta goge hannunta a jikin mayafi ta sake rubutawa, harafi-harafi.

Shafin ya yi ɗan jim, sannan layi ɗaya ya fito a tsakiya.

An cire wannan suna daga masu izini, yau, ƙarfe goma sha biyu da minti bakwai.

Agogon ya koma ashirin da biyar.